Layi Ɗaya a Shafin Malam Yusha'u

Duk wanda ya shigo shagona a cikinku da zancen buɗe shafi, tambayarsa ɗaya ce: kwana nawa za a yi kafin a san shi. Ban taɓa jin wanda ya tambaye ni abin da ya kamata ya riƙa sawa a shafin ba. A ganinku aikin bulog bai wuce waya da data da babban yatsa ba. Ka rubuta, ka danna, gari ya ɗauka, littafi ya ƙare a kasuwa. To, ni da wannan aikin nake ciyar da iyalina tun lokacin da sai an je kafe ake ganin intanet, don haka ku zauna ku ji. Sunana Tanimu, a cikin birnin Zariya aka haife ni, kuma sana'ata ita ce kula da shafukan marubuta. Su nasu rubuta littafi, ni nawa in nema masa hanyar zuwa idon mai karatu.

Ba da kwamfuta na fara ba. Da tafireta na fara, a rumfar Malam Haruna Akawu, kusa da ƙofar kotu. Shi yake buga wa mutane wasiƙa da takardar ƙorafi da yarjejeniyar sayen gida. Na je wurinsa ina da shekara ashirin da 'yan kai, na yi wata uku ban taɓa baƙi ko ɗaya ba, sai goge injin da tsohon buroshi, da canja ribin, da jera takarda da kabon yadda ba za su karkace ba. Tafiretarsa ba ta da haruffanmu masu ƙugiya, don haka in an gama bugu sai a bi da biro ana lanƙwasa wa kowane ƙa da ɗa da ɓa kansa. In ka tsallake ɗaya, Malam Haruna zai gan shi daga inda yake zaune yana cin goro.

Wasiƙar farko da ya bar ni na buga ta wata tsohuwa ce daga wani ƙauye a hanyar Giwa. Ɗan'uwanta take son aika wa a Legas. Ta ce a rubuta masa ya zo su yi magana kan gonar mahaifinsu. Ni kuwa na ga maganar ba ta da ƙarfi, wanda ke Legas ba zai taso don "magana" ba. Sai na buga: ka zo mu raba gonar Baba. Na zare takarda ina jin daɗin kaina. Malam Haruna ya ce, "Karanta mata." Na karanta. Tsohuwar nan ta ɗora hannu a ka ta ce, "Ɗan nan, yaushe na ce a raba? So kake ya ce ina jiran gado?" Malam Haruna bai yi min faɗa ba. Ya karɓi takardar ya yaga, ya ba ni sabuwa, ya ce, "Bakin mutum aka ba ka aro. Kome ka buga, ka karanta wa mai shi kafin ya bar rumfar nan." Shekara shida na yi a wurinsa, ban ga takardar da ta fita ba a karanta wa mai ita ba.

Da kwamfuta ta shigo, na kama ɗan shago a wani lungu kusa da Babban Dodo. A lokacin ne marubuta suka fara zuwa min da littattafansu a rubuce cikin littafin makaranta mai layi, wani guda biyar, wani guda takwas, a ɗaure da kyauro. In buga, in gyara, su kai maɗaba'a. Ana cikin haka waya ta shiga hannun kowa, masu sayen littafi suka ja baya, masu shagon littafi suka koma sayar da caja da murfin waya. Marubuci ya buga littafi, ya rasa inda zai kai shi. Wani malamin jami'a da nake yi wa bugu ne ya nuna min yadda ake buɗe bulog, a zama ɗaya, yana sauri zai tafi aji. Sauran duk da kuskure na koya.

Kayan aikina a lokacin ba su da yawa: tsohuwar kwamfuta mai ƙaton baya, ƙaramin janareto, da modem mai kama da filashi. Ku da kuka tashi da sabis a aljihu ba ku san abin da katangar ƙasa take yi wa intanet ba. Bangon shagona kaurinsa ya kai kamu biyu. A ciki ko ɗigon sabis babu. Sai da na sayi doguwar igiyar haɗi, na sa modem a cikin gwangwanin madara don kada ruwa ya taɓa shi, na ɗaure a kan gora na kafa a saman soro. In iska ta juya gorar, aiki ya tsaya, sai in ɗauko tsani. Hoto ɗaya kan ci min rabin awa kafin ya hau, ina zaune ina sauraron janareto ina addu'a kada mai ya ƙare.

Shafin farko da na buɗe na Malama Uwani ne, wata malamar firamare daga Tukur-Tukur mai rubuta labaran zaman gida. Na ɗora babin farko na littafinta, na duba a kwamfutata, lafiya lau. Washegari ta zo da wayar ƙanwarta ta nuna min. Duk inda harafi mai ƙugiya yake, ya koma ɗan akwati. Na yi wayo, na cire ƙugiyoyin gaba ɗaya na sake ɗorawa. A cikin labarin akwai inda wata mata ta dubi maƙwabciyarta a gaban jama'a ta ce, "Wannan ƙarya ce." Ba ƙugiya, sai ya zama ta kira matar mutane karya. Masu sharhi suka yi kwana biyu suna dariya, babu wanda ya yi zancen labarin. Sati guda na yi ina neman rubutun da zai fito daidai a kowace waya. Har yau in na gama shirya abu, sai na duba shi a waya uku, har da ƙaramar nan mai maɓallai ta matata.

A shafin Malama Uwani na gane ainihin sana'ar. Wata biyu ina sa hoton bangon littafi ina rubuta "ku nemi naku," babu mai kulawa. Rannan ta zo tana ba ni labarin yadda littafin da take rubutu a ciki ya faɗa cikin bahon wanki, ta shanya shi shafi-shafi a kan igiya tare da kayan yara, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko laya take haɗawa. Na ce ta rubuta min wannan kamar yadda ta faɗa. Shi ne abin da mutane suka karanta, suka tura wa juna, kuma a satin ne aka fara kiran waya ana tambayar inda za a sami littafin. Mutum ba ya buɗe shafi don ya ga talla. Zuwa yake ya zauna da marubucin, in zaman ya yi masa daɗi sai ya sayi littafi. Daga nan aikin ya zama sanin abin da za a nuna da abin da za a ɓoye, da inda za a yanke babi mai karatu ya ji yana son sauran, da ranar da za a sa, da yadda za a amsa wa mai zagi ba tare da an zubar wa marubuci da mutunci ba. Kuma duk da muryar mai shafin za ka yi, ba da taka ba. Akwai lokacin da nake riƙe da shafi tara, kalmar sirrin kowanne tana hannuna, ina magana da baki tara.

Abin da ya lalata ni shi ne ɗan akwatin nan da ke nuna yawan waɗanda suka buɗe shafi. Da safe kafin in share shago sai na duba shi. Na lura rubutu ɗaya ne, amma in ka canja kanunsa, masu buɗewa sai su ninka. Na koyi kanun da ke ja: a fara da "ba za ku yarda ba," a ɓoye rabin magana, a sa ɗan yaji. Marubutan suna jin daɗi, ba sa tambaya. Karanta wa mai abu kafin a sake shi kuwa, na daina tun tuni. Wa zai tashi daga Tukur-Tukur don a karanta masa layi ɗaya?

Malam Yusha'u ya zo shagona wata ranar Talata da hantsi, da littafi ɗaya a cikin leda. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, dogo, mai magana a hankali. Ya koyar da rabin mutanen unguwarsu, ni ma ƙanina ya bi ta hannunsa. Bayan ya bar aiki sai ya shiga bin zaurukan masu ɗinkin manyan riguna, yana zama da tsofaffi yana rubuta tarihin sana'ar: wa ya koya wa wa, daga ina aska takwas ta zo, yadda ake sarrafa zaren tsamiya, gidajen da ke yi wa fada ɗinki. Shekara tara yana wannan aikin. Ya buga littafin, kwalaye suka cika masa zaure, har gara ta fara cin na ƙasa.

Ya ce, "Tanimu, an ce kana sa littafi ya yi tafiya."

Na ce, "Ana dai ƙoƙari, Malam."

Na yi masa bayanin shafi. Wayarsa ƙarama ce, ba ta buɗe komai. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ni ban san wannan ba. Kai ka san aikinka. Ga littafi, ka ɗebi abin da ka ga ya dace."

Wata guda ina ɗiba. Na sa yadda ake zana aska a kan shadda kafin allura ta taɓa ta. Na sa labarin mabuga, masu bugun riga ta yi ƙyalli. Na je na ɗauki hotunan riguna masu kyau. Masu buɗewa ba su taɓa wuce ashirin ba, kuma na san biyar a ciki ni ne. Duk Talata Malam zai zo ya zauna a benci ya ce, "Yaya tafiyar?" In ce ana kan hanya. Kunya ta ishe ni.

Sai na kai babi na bakwai. Shafi goma sha ɗaya ne, a kan wani mutum mai suna Nasamu, kakan kakan gidan Alhaji Mamuda. Duk wanda ya san ɗinki a birni ya san gidan nan, rigarsu ko daga nesa ka hango ta ka gane. Babin ya faɗi yadda aka kawo Nasamu birni yana yaro a zamanin bauta, aka sayar da shi a gidan wani maɗinki, ya koyi allura ta hanyar kallo, ya zo ya fi 'ya'yan gidan, ubangidansa ya 'yanta shi ya ba shi fili, ya yi zaurensa, ya koyar da mutanen da ba su ƙirguwa ba tare da ya karɓi komai ba. Alhaji Mamuda da bakinsa ya ba Malam labarin. A cikin littafin gaba ɗaya babu babin da ya kai shi girmama mutum.

Ni kuwa layi shida na gani: inda aka kwatanta shigowarsa ta ƙofar gari da igiya a wuya. Na yanke su, na bar sauran. Na bi ta lungun na ɗauki hoton ƙofar zaurensu. Sannan na zauna na rubuta kanu: "Ba za ku yarda ba: gidan da ya fi kowa tinƙaho a birni, ashe da igiya a wuya aka kawo kakansu." Niyyata in mutane sun taru, sati mai zuwa in sa sauran babin, su ga ashe yabo ne, su nemi littafi. Na ɗora ranar Alhamis bayan azahar, na rufe shago na tafi gida.

Ranar Juma'a da safe na buɗe kwamfuta na duba akwatin. Na ɗauka ya lalace ne. Na kashe na sake kunnawa, adadin ya ƙaru. Ban taɓa ganin irinsa ba a duk shafukan da na riƙe. Gaskiya zan faɗa muku, murna na yi. Har na fara shirya yadda zan gaya wa Malam.

Bayan an sauko daga masallaci na bi ta kasuwa in sayi gero. A rumfar masu hatsi na tarar da mutum wajen goma sun kewaye wani yana karanta musu abu a waya, suna ƙyalƙyala dariya. Na matsa. Kanuna yake karantawa. Wani ya ce, "Dama na faɗa, ku dubi hancinsu." Wani ya ce, "Hedimasta ya fasa ƙwai." Na bar geron na koma shago da sauri na buɗe sharhi. Abin da na gani ya sa na kasa zama. Mutanen da ba su taɓa taka Zariya ba suna zagin gidan. Waɗanda suka san gidan kuma suna lissafo sunayen 'ya'yansu mata, da gidajen da aka kai su aure. Wani ya sa hoton Alhaji Mamuda da kansa, ya zana masa igiya.

Kafin la'asar na goge rubutun. A lokacin na yi zaton in ka goge abu ya tafi. Ashe tuni an ɗauki hotonsa, yana yawo daga waya zuwa waya, da sunan Malam Yusha'u ɓaro-ɓaro a sama. 'Yan'uwansu na Kaduna da Legas har da na Makka suka yi ta kira. Ni da na kunna abin ba ni da inda zan danna ya tsaya.

Ranar Asabar samarin gidan suka je ƙofar Malam, suka jawo kwalayen littafi daga zaure suka zuba a kwata. Ya fito yana tambayarsu lafiya, don shi bai san komai ba. A masallacin unguwa ya shiga sahu, na kusa da shi ya ja baya. Ranar Lahadi kuma dangin wani saurayi da aka sa wa rana da jikar Alhaji Mamuda, saura sati uku biki, suka aiko cewa a ɗan dakata tukuna.

Litinin da hantsi Malam ya shigo shagona da takarda a hannu, wani ya buga masa hoton. Ya zauna a benci, ya miƙo min.

"Tanimu, wannan rubutuna ne?"

"Na ƙasan naku ne, Malam. Na saman nawa ne."

"Sauran shafi goman fa?"

"Ban sa ba."

"Me ya sa?"

"Mutane ba sa karanta dogon abu, Malam."

Ya sake duban takardar. Can ya ce, "To, sun karanta gajeren."

Na durƙusa na ce ya yafe min, yanzu zan je gidan in faɗa musu ni ne, shi bai ma san an yi ba. Ya ce in tashi. Ya nuna saman takardar da yatsa.

"Sunan wa ke nan?"

"Naku."

"Wa ya ce maka ka ɗebi abin da ka ga dama?"

"Ku ne, amma..."

"To ni zan je. Kai za ka riƙe min littafi, don idona ba ya ganin ƙananan baƙi. Kada ka buɗe baki sai da abin da ke cikin takarda. Ka ji ni?"

Na daɗe ina hulɗa da marubuta. Na ga wanda ya kai ni ƙara wurin mai unguwa don na manta harafi ɗaya a sunansa. Ban taɓa zaton akwai wanda za a jefa cikin irin wannan ya ce shi zai ɗauka ba.

Muka tafi bayan la'asar. Zauren a cike yake, maza goma sha biyu, kowa da riga a kan gwiwa da allura a hannu. Muka yi sallama, mutum biyu kawai suka amsa. Alhaji Mamuda yana zaune a kan buzu a ƙurya, ya haura tamanin amma idonsa garau. Malam ya cire takalmi, ya durƙusa a gabansa, tsoho a gaban tsoho.

Ya ce, "Alhaji, abin da ya fita da sunana ya fita, kuma ni na ba da ƙofa. Ban zo kare kaina ba. Na zo ku ji babin gaba ɗaya, sannan ku yi min duk hukuncin da kuka ga dama."

Babban ɗan gidan, Alhaji Kabiru, wanda 'yarsa ce aka dakatar da bikinta, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Mun ji wanda muka ji, ya ishe mu. Ku fita."

Mahaifinsa ya ce, "Zauna, Kabiru. A karanta."

Na karanta. Shafi goma sha ɗaya, a tsaye. Babu wanda ya soka allura tun daga farko har ƙarshe. Da na kai inda aka faɗi rasuwar Nasamu, yadda almajiransa na ɗinki suka cika lungu har makara ta kasa wucewa sai da aka miƙa ta hannu da hannu, na ji wani a bayana yana jan hanci. Na rufe littafin.

Alhaji Mamuda ya ɗago ya dubi Malam. Sannan ya ce, "Haka na faɗa maka, Yusha'u. Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Ni ban taɓa jin kunyar Nasamu ba, da allurarsa muke ci har yau. Amma wannan da aka karanta yanzu, mu goma sha biyu ne muka ji. Wancan kuwa duniya ce ta ji." Ya gyara zama. "Tashi, na yafe maka. Yarinyar ce dai ban san abin da zan ce mata ba."

Washegari na ɗora babin gaba ɗaya, da kanun da Malam ya rubuta da hannunsa. Waɗanda suka buɗe ba su kai masu sauraron rumfar hatsi sau uku ba. Bikin bai dawo ba. Yarinyar ta koma wurin gwaggonta a Kaduna, a can ta ƙarasa karatu, a can ta yi aure bayan shekaru. Malam ya ce in rufe shafin, na rufe.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Marubutan birni suka tsorata da bulog gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka ce a rufe nasu. Malama Uwani ta zo da kanta ta karɓi kalmar sirrinta, ta ce za ta ɗan huta, ba ta dube ni ba har ta fita. A cikin shafi tara, ɗaya ya rage, na wani mai waƙoƙin wa'azi da ba ya sa komai sai baiti. Na koma buga katin biki da aikin ɗalibai. Mutane suna ɗauka ni mai bugu ne kawai, abin da aka ba ni nake sawa, don haka babu wanda ya tare ni da maganar. Kullum ina bi ta ƙofar zauren Alhaji Mamuda, don nan ce hanyar shagona, in gaishe su, su amsa.

A hankali aiki ya dawo, da sababbin marubuta. Amma tun daga lokacin babu abin da ke hawa shafin mutum sai na karanta masa da baki, tun daga kanu har ɗigon ƙarshe, ko a waya ne, ko yana sauri. Ina kuma tambayarsa: wannan maganar ta ƙofar gidan wa za ta wuce? Ku kuna ganin mai karatu wani baƙo ne a can nesa. A birnin nan mai karatunka shi ne wanda kafaɗarsa ke taɓa taka a sahu, kuma kowane gida da sunansa. Wasu matasan in na yi musu haka sai su ce na tsufa, su tafi inda za a sa musu yaji. Ba na riƙe su.

Malam Yusha'u bai sake rubutu ba. Yana da littafi na biyu a kan mabuga da marina, ya kusa gamawa, ya ɗaure takardun ya sa a akwati. In mun haɗu a hanya zai tsaya ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya.

Damina biyu da suka wuce Allah ya yi masa rasuwa. Ranar uku da safe ina zaune a tabarmar makoki a ƙofar gidansa. A hannun damana Alhaji Kabiru ne, wanda ya zama babban gidansu bayan rasuwar mahaifinsa. A hagu kuma wani baƙo ne da ya zo daga Kano tare da surukan gidan, bai san kowa ba. Bayan an shafa addu'a ya zaro waya, ya ɗan karkato wurina, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, ashe wannan ne tsohon da ya tona asirin wani gida a garin nan? Jiya aka sake turo mana."

Na duba. Hoton nan ne. Ya dushe saboda yawan turawa, amma kanun yana nan, sunan Malam yana sama. Shekara da shekaru, mutumin yana kwance a kabari kwana uku, abin yana tafiya.

Na ce, "Ba shi ya rubuta ba. Ni na rubuta. Bai ma san an sa ba sai da gari ya ɗauka."

Ban yi ƙasa da murya ba, duk tabarmar ta ji. Baƙon ya rasa inda zai sa kansa, ya mayar da waya aljihu. Ni kuwa na juya wurin Alhaji Kabiru ina jiran abin da zai biyo baya.

Bai ko ɗago ba, yana jan carbinsa. Ya ce, "Mun sani, Tanimu."

Na ce, "Alhaji?"

"Tun ranar da ka yi karatu a zaure. Duk babin idonka yana kan takarda. Da ka zo kan layukan nan shida, a haddace ka karanto su, ba ka duba ba. Baba ya gani, ni ma na gani." Ya ja carbi biyu. "Mun yi niyyar zuwa shagonka. Washegari Malam ya dawo shi kaɗai, ya sake durƙusawa. Ya ce kana da yara ƙanana, kuma a lungun nan kake neman abinci, in aka san kai ne ba za ka sake zama a birni ba. Ya ce shi ya riga ya tsufa, a bar shi a kansa. Baba ya sa muka yi alkawari."

Na shiga lissafa safiyoyin da na bi ta ƙofarsu na ce ina kwananku, suka ce lafiya lau, Tanimu, ya aiki.

Wasu masu gaisuwa suka iso suna cire takalma. Alhaji Kabiru ya taɓa min gwiwa ya ce, "Matsa musu, ga baƙi." Na matsa. Liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga.